Bonkro, Ƙauyen Da Tsuntsu Ya Jawo Wa Baƙi

Duk mai bin hanyar Cape Coast zuwa Kumasi ya san Asin Fosu, ya kuma san gadar kogin Pra, amma kaɗan ne daga cikinmu mutanen Zango suka taɓa ratsewa bayan gadar su shiga ƙauyen Bonkro. Ba kasuwa a can, ba tasha. Gonakin koko ne, sai kurmi mai duhu a kan tudu. Duk da haka mutane na tasowa tun daga Ingila da Amurka da Jamus, su biya kuɗin jirgi, su kwana a ƙaramin masaukin da aka gina a bakin kurmin, ba don komai ba sai don su ga tsuntsu guda.

Masana na kiransa Picathartes. Kansa ba gashi ko kaɗan, fatar rawaya ce da baƙin tabo a kowane gefe, wuya da ciki fari, baya baƙi-baƙi, ga doguwar jela. Bai cika tashi sama ba, tsalle yake yi daga dutse zuwa reshe, yana bin ayarin kwarkwasa yana cafke ƙwarin da suka koro. Sheƙarsa ta laka ce, kamar ƙoƙo, a manne jikin dutse inda ruwan sama ba ya kaiwa, kuma ƙwai ɗaya ko biyu kawai macen ke yi. A duk duniya ba a samunsa sai a kurmin Gini, Saliyo, Laberiya, Kwaddibuwa da nan Gana. A nan ɗin ma an daina jin labarinsa tun shekarun 1960, har aka ɗauka ya ƙare, sai a 2003 aka sake gano shi.

Ganinsa na bukatar haƙuri. Bayan azahar ɗan jagora, ɗan ƙauyen ne, zai shige gaba, a ratsa gonaki, a kama hawan tudu cikin zufa kamar an kwara wa mutum ruwa. In an isa gindin dutsen sai kowa ya zauna, ba magana, ba tari, ba motsi. Ana iya awa ɗaya ko biyu a haka. Shawarata ga ɗan'uwa Musulmi, ya hau da alwalarsa da ruwan sha, domin la'asar a can za ta same shi. Can da yamma sai ka ga abu ya diro shiru kan dutse, ya karkata kai ya dube ka, ya gyara fiffike, ya faɗa sheƙa. Wani lokaci minti biyar ne ya ƙare. Turawan nan sai ka ga suna rungumar juna a hanyar saukowa.

Na san mai karatu zai ce wannan aikin wanda ya ƙoshi ne. To, a duba lissafin. Kuɗin baƙin nan ne ke biyan 'yan jagora da masu dafa abinci da masu gadin kurmi, kuma ta dalilin tsuntsun aka gina makaranta a yankin. Mafarauci in ya harbe shi bai sami naman da zai kai miya ba. In ya bar shi, kowace shekara sai ya kawo baƙi.

Ga kuma abin da ya sami aku, wanda da yawanmu muka tashi muka gan shi a keji a gidajen Zango. Wani bincike da aka yi a ƙasar nan ya nuna cewa daga 1992 zuwa wajen 2015 Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunta, saboda kamu don sayarwa da sare manyan itatuwan da yake sheƙa a kogonsu. Sai a 2016 ƙasashen duniya suka amince a hana cinikin akun daji tsakanin ƙasa da ƙasa, bayan ɓarna ta riga ta auku.

Kurmin nan ba baƙonmu ba ne. Goron irin wannan daji na Asante ne ya sa kakanninmu fatake suka yi ta tako hanyar Gwanja daga Kano da Katsina, har aka kafa zangunan da muke zaune a ciki. Yau masu zarto da masu galamse na cinsa ta ko'ina, kogin Pra kansa ya koma ruwan laka.

Wanda ya yi niyyar zuwa, ya nemi ɗan jagora tun kafin ya taso, ya sa takalmi mai rufi da tufafi marasa haske, ya kuma ari madubin hangen nesa in ya samu. In da sauran kwana, gandun Kakum na kan hanyar komawa Cape Coast, inda tun 1995 aka ɗaura gadojin igiya bakwai a saman itatuwa. A hau su da sassafe, kafin motocin 'yan makaranta su iso.