Abin da Gishiri Ya Koya Mini

Tun da muka shiga aji uku babu darasin da ya ba ni wuya kamar Kimiyyar Sinadarai. A jarrabawar zangon farko aka tambaye mu bambanci tsakanin mai narkewa da mai narkarwa, sai na sa wannan a gurbin wancan, na faɗi. Da Baba ya ga sakamakon bai yi faɗa ba, sai dai ya ce, "Haka likitan namu zai yi aiki?" Wannan magana ta fi mini bulala zafi.

Muna cikin hutu sai gudawa ta kama ƙanena, har idanunsa suka faɗa. Inna ta ce in yi maza in haɗa ruwan gishiri da sukari yadda aka koya mata a asibiti: tafasasshen ruwa da ya huce lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali, kada in ƙara ko in rage. Ina motsawa sai na ga ƙwayoyin sun ɓace, amma da na ɗanɗana sai na ji suna nan. Nan take na gane. Gishiri da sukari su ne masu narkewa, ruwa kuwa shi ne mai narkarwa, kuma yawanci shi ya fi yawa.

Da Kaka ta ga na ƙura wa kwano ido, sai ta ce, "Ɗan nan, ba ka taɓa ji ba? Gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya." Ashe narkewa iri biyu ce. Man kaɗe zafi ne ke narkar da shi, ba ya gauraya da komi. Gishiri kuwa sai ya sami abin da zai shige cikinsa.

Da muka koma makaranta na ƙara bincike. Na gano cewa ba kowane abu ruwa ke narkarwa ba, shi ya sa mai fenti ke wanke hannu da kananzir. Mai narkarwa kuma yana da iyaka: giram 100 na ruwa ba ya ɗaukar fiye da kamar giram 36 na gishiri, saura sai ya kwanta a ƙasa. Ana kuma iya raba su, kamar yadda ake yi a Bilma ta Nijar, inda rana ke ƙafar da ruwa a ramuka, gishiri ya rage.

Alhamdu lillahi, ƙanena ya warke, ni kuma ban sake faɗuwa wannan tambaya ba. Saboda haka, 'yan'uwana 'yan makaranta, in darasi ya gagare ku, ku leƙa madafin iyayenmu mata. Wataƙila amsar tana can.