Darasi a Gindin Gawo

Hausawa suna cewa sabo turken wawa. Na daɗe ina jin wannan karin magana, har na taɓa kawo ta misali a jarrabawa, amma ban taɓa zaton da ni take ba, sai da wata bishiya ta gonarmu ta kunyata ni.

A gonar kakana, a wani ƙauye na ƙasar Daura, akwai wani tsohon gawo wanda mutum biyu ba sa iya rungume gindinsa. Tun ina yaro, duk ranar da muka tafi gona, in Kaka ya iso wurinsa sai ya sauke fartanya daga kafaɗa, ya ɗaga kai ya dube shi, ya ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah," sa'an nan ya wuce. Da na shiga makarantar sakandare, na soma jin kaina wani abu, sai na ce masa wata rana, "Kaka, wai me kake gani ne a jikin wannan uban ƙaya?" Ya yi murmushi ya ce, "Kai ɗan boko, duba ko'ina, kowane itace ya yi ganye. Shi kaɗai ya tuɓe rigarsa da damina, sai rani ya mayar. Wa ya gaya masa lokaci?" Na ce ai ɗabi'arsa ce. Ya ce, "To, wa ya ɗabi'antar da shi?" Na yi dariya, na ɗauka irin wasan nan ne na kaka da jika.

Bayan rasuwarsa, a shekarata ta farko a jami'a, kuɗin rajista suka gagara. Sai ga wani masassaƙi ya zo ya taya gawon, yana so ya fitar da turame da akusa. Ni ne na fi kowa ɗaga murya a kan a sayar. Baffana, wanda gonar ta koma hannunsa, ya saurare ni har na gama, kana ya ce, "Ɗana, je ka kwanto ragon nan na bayan ɗaki mu kai kasuwa." Ashe tun farkon rani da 'ya'yan gawon nan yake kiwonsa. Da kuɗin ragon na yi rajista. A hanyarmu ta dawowa ya ba ni labarin farin shekarar 1984, lokacin da ciyawa ta ƙare ƙaƙaf, dabbobi suka yi ta faɗuwa, ya ce 'yan awakin da suka rage wa Kaka da ganyen wannan bishiya da 'ya'yanta suka kai damina. Ban sami abin cewa ba.

Da aka yi hutu na koma gida, gero ya fid da kai. Na tafi gona ni kaɗai, na tsaya inda Kaka yake tsayawa. Geron da ke ƙarƙashin gawon ya yi baƙi ƙirin saboda ƙoshi, ya kere na sauran gonar tsawo, zangarniyarsa kuma ta fi kauri. Shekara nawa ina ratsa wurin nan, idona a buɗe, amma ban taɓa lura ba.

Da na dawo makaranta sai na tambayi wani abokina mai karatun aikin gona, ya warware mini yadda abin yake. Gawo, wanda masana suke kira Faidherbia albida, yana kakkaɓe ganyensa a farkon damina, ganyen ya ruɓe ya zama taki daidai lokacin da shuka take bukata. Da yake kuma babu ganye a kansa, ba ya tare wa shuka hasken rana. A jikin saiwarsa akwai wasu 'yan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, su ne suke kamo sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi abincin tsiro, watau irin sinadarin da muke saye da tsada a buhun takin zamani. Uwar saiwar kuwa tana nutsawa can ƙasa har ta tarar da ruwa, shi ya sa yake yin kore shar sa'ad da sauran itatuwa suka bushe. Da rani shanu da tumaki suna fakewa a inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su zubar da kashi a wurin, ƙasa ta ƙara ƙarfi. Ƙwayar irin kuma takan fita a cikin kashin, ta tsiro a wani wuri. Ya ƙara da cewa daga wajen shekarar 1984 manoman jihohin Maraɗi da Damagaram a Nijar suka riƙa barin tohon itatuwa yana girma a gonakinsu, gawo na cikin na gaba-gaba, har aka farfaɗo da ƙasa mai faɗin kimanin hekta miliyan 5.

A da ina tsammani in an bayyana dalilin abu, to, mamakinsa ya ƙare. Ranar nan na ga akasin haka. Kowace amsa da abokina ya ba ni sai ta mayar da ni ga tambayar Kaka. Gawo ba shi da hankali, ƙwayar da ke saiwarsa ba ta san gero ba, tunkiya ba ta san shuka take yi ba, amma ga shi an ɗaura su duka a igiya ɗaya, ƙarshenta kuma yana cikin ƙwaryar furar da nake sha. Wanda ya tsara wannan, shi Kaka yake wa tasbihi.

Sai kuma na tuna da abin da muka koya tun a makarantar allo, muka wuce shi ba tare da tunani ba. A cikin surorin Alƙur'ani 114 akwai wadda aka sa wa sunan saniya, da ta ƙudan zuma, da ta tururuwa, da ta gizo-gizo, da ta ɓaure. Dukkansu abubuwa ne na tsakar gida da bakin hanya, waɗanda ba a bukatar guzuri kafin a je a gan su. Malamanmu kuwa sun sha gaya mana cewa tafakkuri, watau zurfafa tunani a kan halitta domin sanin Mahalicci, ibada ce babba. Mu dai gaggawa da sabo suka sa muka taƙaita ibada ga 'yan mintocin da muke yi a kan buzu, su ma sau da yawa jiki ne a sahu, zuciya tana wajen jarrabawa.

Ba zan ce na zama wani waliyyi ba, har yanzu nakan yi kwanaki a cikin gafala. Sai dai na ɗauki wata 'yar ɗabi'a. A kan hanyata ta zuwa masallaci nakan zaɓi abu ɗaya in tsaya in dube shi sosai, ko jerin tururuwa ɗauke da tsaba, ko zanzaro yana ɗebo laka yana gina ɗakinsa a kusurwar taga, ko ruwan alwala yana gangarowa daga hannuna. Na lura duk ranar da na yi haka, in na ɗaga hannu na yi kabbara, nakan ji nauyin kalmar fiye da yadda na saba.

'Yan'uwana ɗalibai, mu da muke nazarin harshe muna iya kwana muna tsefe kalma guda, mu gano saiwarta da rassanta. Ya kamata mu ara wa itace da tsuntsu da ƙwaro irin wannan haƙurin. Gawon Kaka yana nan tsaye har yau, kuma duk lokacin da na iso gindinsa nakan tsaya in faɗi abin da yake faɗa. Allah ya jiƙansa, mu kuma ya buɗe mana idon basira, amin.