Daga Kparatao Zuwa Bakin Teku: Labarin Jirgin Mermoz

A wannan wata mun yi tattaki ne daga Kparatao zuwa Lome, kuma ga tsarabar da muka kawo muku.

Mun tashi da asuba, muka shiga mota a tashar Sokode tare da wasu 'yan'uwa da suka kwana a hanya daga Dapaong. Muka wuce Blitta, inda tsohon layin dogo ya tsaya, muka ratsa Atakpame, kafin la'asar mun sauka a zangon Lome. Washegari muka gangara bakin teku.

Abin da ya fara jan idonmu shi ne ƙarafan tsohuwar gadar saukar kaya, wadda mutanen gari ke kira waf, tsatsa ta cinye su. Jamusawa ne suka gina ta farko a 1904, Faransawa suka gina ta biyu a 1928. Kafin a buɗe babbar tashar jiragen ruwa a 1968, jirgi ba ya iya matsowa gaɓa. Can nesa yake tsayawa, a zaunar da fasinja cikin wani akwati, ƙugiya ta sauke shi cikin kwalekwale, a tuƙo shi zuwa gada. Mai tsoron ruwa sai ya rufe ido ya yi ta salati.

Cikin jiragen da suka yi wannan zirga-zirga akwai Jean Mermoz. An ƙera shi a Saint-Nazaire ta ƙasar Faransa, ya fara aiki a 1957 tsakanin Marsai da garuruwan gaɓar Afirka ta Yamma. Tsawonsa ya ɗan haura mita 160, injunan dizal biyu ke tura shi. Tsarin cikinsa kuwa hoton zamaninsa ne: manyan ma'aikata da attajirai a ɗakunan sama, talakawa da sojoji a ƙasa, kaya a can cikin tumbinsa.

Abin mamaki, sunan wani matuƙin jirgin sama aka ba shi, wanda ya ɓace a teku a 1936 bayan ya tashi daga Dakar. Kuma jirgin saman ne ya kashe masa kasuwa, domin wa zai yi kwana da kwanaki a ruwa alhali ga tafiyar yini guda? Sai aka kai shi Italiya, aka rushe bambancin aji na ɗaya da na uku, aka ƙara ɗakuna da wuraren wanka da na cin abinci. A 1970 ya fito da sunan Mermoz kawai, ya zama jirgin yawon shaƙatawa na kamfanin Paquet. A 1999 wani kamfanin tsibirin Saifurus ya saye shi, ya sa masa suna Serenade. A 2008 aka kai shi Alang ta Indiya, aka yanka shi gunduwa-gunduwa, bayan shekara 51 yana aiki.

Da muka koma zango muka ba da labari, sai wani dattijo ya ce mana yana yaro ya sha tsayawa kan yashi yana kallon irin waɗannan jirage, amma babu ɗaya daga cikin jikokinsa da ya taɓa tambayarsa. Wannan magana ta tsaya mana a rai. Kakanninmu sun ratso ƙasar Kotokoli da jakuna daga Kano zuwa Salaga neman goro, 'ya'yansu suka gangara teku da jirgi ya juya kasuwa. Shi jirgin Turawa an rubuta ranar da aka ƙera shi da ranar da aka yanka shi. Mu fa, wa ya rubuta namu?

Don haka muna roƙon matasanmu na Sokode da Dapaong, kowa ya zauna da tsohon gidansu da biro da takarda, ya aiko mana. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Allah ya kai mu wata mai zuwa lafiya, amin.