Ƙwallon da muka sani a Tudun Wada

Mu da muka yi wayo a Tudun Wadar Zariya a farkon shekarun 1990, kallon ƙwallo bai taɓa cin kuɗinmu ba. Abu biyu kawai muke roƙo: maƙwabci mai talabijin ya yi haƙuri da hayaniyarmu, NEPA kuma ta bar wuta. A layinmu wani dattijo tela ne ke fito da tasa ƙofar zaure, ya ɗora a kan teburin yankan yadi. Manya su hau benci, mu yara mu baje a ƙasa. Idan hoto ya fara yayyafi, sai a tura ɗayanmu ya juya gorar da aka ɗaura eriya a kanta, ana yi masa ihu daga nesa: "Ƙara kaɗan! Koma baya! Yauwa, tsaya nan, kar ka motsa!" Wanda aka tura kuwa ya shiga uku, domin sau da yawa yana riƙe da gora za a ci, sai dai ya ji labari.

A haka muka kalli gasar kofin duniya ta Amurka 94. Ranar da Rashidi Yekini ya ci Bulgeriya ya shige raga ya damƙe ta yana kuka, babu wanda ya tuna masa da ƙabila. Haifaffen Kaduna ne, namu ne. Daniel Amokachi ma daga Ranchers Bees ya fito, yayyenmu da ke zuwa filin wasa na Ahmadu Bello sun san shi tun yana ɗan saurayi. Bayan shekara biyu aka yi gasar Olamfik ta Atlanta, inda Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro, duk 'yan Kaduna, ke cikin tawaga. Daren wasan Brazil ba zai fita daga raina ba. Ana cinmu 3 da 1, dare ya raba, rabin jama'a sun kama hanyar gida suna tsaki. Ikpeba ya farke ɗaya, Kanu ya rama ana dab da tashi, sannan ya ƙara ta huɗu a ƙarin lokaci. Waɗanda suka tafi sai ga su sun dawo a guje, wani ko takalmi babu. Muka yi ta zagaye unguwa har wajen Kongo, ɗaliban jami'a na ta buga bokitai. Da asuba a masallaci kowa muryarsa a dishe.

Talla fa akwai ta a lokacin, amma ta san matsayinta. Sai an tafi hutun rabin lokaci take leƙowa: madara, sabulun wanki, maganin sauro. Lokacin ne ma ake tashi a kama ruwa ko a sayo gyaɗa. A ƙirjin rigar Manchester United an rubuta Sharp, sunan rediyon da ke ɗakin kakarmu, a ta Arsenal kuma JVC. Barcelona kuwa rigarta fes take, ba ta ɗauki sunan kowa ba sai a 2006, shi ma na Unicef. Da Kanu ya fito a tallar madarar Peak, murna muka yi, kai ka ce da mu za a raba kuɗin.

Komawar Kanu Arsenal a 1999 ce ta juya mana kai zuwa Ingila. Ba a jima ba gidajen kallo suka ɓarke: rumfar langa-langa, janareta na ƙugi a baya, allo a ƙofa an jera wasannin ranar da alli. Da Mikel ya je Chelsea a 2006, unguwa ta rabu gida-gida, har a wurin mai shayi kowa ya san bencinsa. An sha musu, an sha gori, wani lokaci har da cin kwala, amma duk a kan son kulob ne. Asarar da muka yi dai ita ce ta gida. Ranchers Bees da ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofi a 1988, yau yaro a Tudun Wada zai lissafa maka 'yan benci na Real Madrid bai san launin rigarta ba. Ko Kano Pillars da ta ɗauki gasar ƙasa sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, murnar ba ta kai ta cin Arsenal wasa ɗaya ba.

Yanzu labari a tafin hannu yake. Osimhen ya zama gwarzon Afirka a 2023, Lookman ya gaje shi a 2024, tsakanin nan Kwaddibuwa ta doke mu 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin ƙasashen Afirka a Abidjan. Kafin ka kai sakin layi na biyu na kowane irin wannan labari, tallar caca ta tare maka fuska, ka rufe ta, wata ta ɓullo daga ƙasa. Tana jikin allunan gefen fili, tana jikin riga, tana bakin masu sharhi, har tsofaffin 'yan wasan da muka girma muna girmamawa an ɗauko su suna yi mata murmushi.

Abin da ta yi wa gidan kallo ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Kwanakin baya na zauna kusa da wani matashi sanye da rigar Arsenal. Kulob ɗinsa ya ci ƙwallo ta uku, ɗaki ya ɗauki sowa, shi kuwa ya dafe kai ya ce, "Sun kashe mini tikiti." Ashe ya sa kuɗi a kan cewa ƙwallayen ba za su wuce biyu ba. Bai ƙara ɗaga kai ya kalli talabijin ba, yana ta latsa waya yana bin wani wasa na wata ƙasa da ko sunan garin ba zai iya faɗa ba. Irinsa suna ƙirga bugun kwana da katin gargaɗi, ba ruwansu da wanda ya yi yanka ko ya ba da fasin mai kyau. Kuɗin kuwa na kabu-kabu ne, ko na gyaran waya, ko na makaranta.

Ba na faɗa da talla don tana talla. Kulob ba ya rayuwa da tafi, kuma da 'yan wasanmu na gida na samun masu ɗaukar nauyi, da ba a riƙa jin suna bin bashin albashi ba. Amma su kansu Turawan sun ga illar wannan: a watan Afrilun 2023 ƙungiyoyin Firimiya suka amince su cire sunayen kamfanonin caca daga gaban riga bayan kakar 2025/26. A Kano, Hisbah ta rufe shagunan caca a 2024. Sai dai rufe shago bai kai ga wanda ke cikin aljihun yaro ba, kuma wannan aikin na iyaye ne da malamai da mu yayye da muke zama benci ɗaya da su muna yin shiru.

Masu gidajen kallo na Tudun Wada, ku sauke hotunan caca daga bangonku, ba su ne ke kawo muku jama'a ba. Attajiran Zariya da Kaduna kuma, masu shinkafa da taki da man gyaɗa, ga ƙungiyoyin unguwa nan suna buga gasa da riguna iri-iri don ba su da na saye. Ku ɗinka musu, ku rubuta sunan kayanku a ƙirji, mu za mu zo kallo.