Ana Zaton Wuta a Maƙera

A watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, aka tsayar da ranar da wani ɗalibina zai kare kundin digirinsa na biyu a Marwa. Aiki ya hana ni tafiya, sai aka yarda in halarci zaman ta bidiyo daga gida. Saura mako uku, intanet ɗin ɗakin karatuna ya koma tafiyar hawainiya. Babi guda na kundin yakan ɗauki kusan rabin sa'a kafin ya sauka, murya kuwa takan yanke tun ba a gama gaisawa ba. Fargabata ita ce a ɗage zaman saboda ni, alhali yaron takardar yake jira ya nemi aiki.

Gidanmu yana unguwar Yelwa. Akwatin intanet, wato rauta, yana falo, ɗakin karatuna kuma shago ne a bakin ƙofar gida, katanga uku na bulo da siminti a tsakaninsu. Da na ga Wi-Fi ya kasa ratsa su, sai na sayi tagwayen na'urori masu tura intanet ta cikin wayoyin lantarkin gida, 'yan tsarin HomePlug AV. Ana jona ɗaya a soket kusa da rauta, ɗayar kuma a ɗakin da ake bukata. Wutar gidajenmu a Kamaru mai ƙarfin volt 220 ce, tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. Na'urar farko takan ɗora saƙo a kan wannan wayar da girgiza mai tsananin sauri, tsakanin sau miliyan 2 da miliyan 30 a daƙiƙa, ta biyun kuma ta tsince shi. Saƙon baƙo ne a hanyar da ba don shi aka shimfiɗa ba, shi ya sa ƙaramin abu ke tare shi. Megabit 200 da aka rubuta a kwali ma iyakar ƙoƙarin na'urar ne a ɗakin gwaji, abin da ke isa kwamfuta ba ya cika kai rabin haka.

A lokacin duk ban tsaya tunanin wannan ba. Na riga na yanke hukunci cewa laifin kamfanin da nake biya ne. Sau uku na buga musu waya, a na ukun har na ɗaga murya ga wata yarinya da ba ta da alhakin komai. Cikin natsuwa ta ce layina lafiya ƙalau yake a wajensu, ta roƙe ni in jona kwamfuta da rautar kai tsaye in auna. Na ɗauki maganar tata hanyar sallama ce kawai, na kashe waya.

Uwargida ce ta fara karya mini hujja. Ta ce, “Malam, ni fa a falo ban ga wata matsala ba. Kuma na lura ƙorafinka ya fi yawa da zarar an dawo da wuta.” Maganar ta tsaya mini a rai. Akasarin lantarkin arewacin Kamaru daga madatsar ruwa ta Lagdo yake zuwa, wadda aka kammala a 1982 a kan kogin Binuwai, mai ƙarfin megawat 72. Idan rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Da an kawo ta kuwa, kowa a gida sai ya ruga soket: wayoyin hannu, tocila, fanka mai caji, ga firji ya tashi. A daidai wannan sa'ar nake zama aiki. Caja mai araha tana watsa hayaniyar lantarki cikin waya, a daidai zangon da saƙona ke bi.

Washegari na ɗauki takarda da biro, na yi abin da nake tilasta wa ɗalibaina a darasin dabarun bincike: a sauya abu ɗaya tak, a auna, a rubuta. Da na jona kwamfuta da rautar da waya, na samu megabit 18, kusan abin da nake biya. Yarinyar ta yi gaskiya. Na jona tagwayen a soket biyu na falo, na samu 17, ke nan su ma lafiyarsu lau. Na mayar da ɗaya shago yadda take a da, awo ya faɗo ƙasa da 2. Sai na duba inda take jone. Tana kan doguwar jona mai kariyar tashin wuta, jonar kuma tana bayan na'urar daidaita wuta, wato sitabilaiza, wadda na saya don kada kwamfutata ta ƙone. Irin waɗannan na'urori sukan tace duk wata girgiza mai sauri, ba su kuwa bambance hayaniya da saƙo. Na zare ta na soka a bango kai tsaye, awo ya hau 11. Da yara suka jona cajojinsu bayan magariba ya sauko 6.

Ragowar asarar mai gyaran wuta ne ya gano ta. Ya buɗe akwatin mahaɗa ya nuna mini cewa daga baya aka ja wa shagon wuta, da guntayen wayoyi da aka murɗe aka naɗe da salatif. Kowace mahaɗa tana rage wa saƙo ƙarfi, haka ma tsawon waya. Ya ce, “Dokta, wannan wayar ƙwan fitila aka ja wa, ba karatu ba. In kana son kwanciyar hankali, ja wa intanet ɗin tasa wayar.” Wayar Ethernet tana kai saƙo har mita 100 ba tare da ya raunana ba, mu kuwa mita 30 muke bukata. Muka zura ta cikin bututun roba saboda rana, muka bi da ita gindin katanga. Kuɗinta bai kai na tagwayen ba.

Ranar zaman, saboda gudun ɗaukewar wuta, na ɗora rautar a kan batir. Muka yi sa'a biyu da rabi ba yankewa, ɗalibina ya amsa tambayoyinsa, ya ci.

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na shekara fiye da goma ina ja wa ɗalibai jan biro a kan hukuncin da ya riga hujja, sai ga shi na yi mako biyu ina zargin mutanen da ban taɓa gani ba, alhali awon minti biyar ya isa ya wanke su. Na sake kiran kamfanin don in ba yarinyar haƙuri, amma wani ne ya ɗauka, ni kuwa ban ma tambayi sunanta ba. Takardar awon tana nan manne a bangon shago, da ita nake buɗe darasin dabarun bincike yanzu.