Tsohuwar Aska a Atonsu

Duk wanda ya bar tsakiyar Kumasi ya kama hanyar Tafkin Bosomtwe, zai ratsa Asokwa da Ahinsan kafin ya iso Atonsu. Unguwa ce mai yawan jama'a, kuma a cikinta akwai gidajen Musulmi waɗanda ba su yar da al'adun zango ba. Ɗaya daga cikin waɗannan al'adu shi ne wanzanci.

Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, da faɗawar Kumasi hannun Turawan Ingila a 1896, fataken goro sun yi ta kwararowa wannan gari, tare da malamai da mahauta da wanzamai. Sana'ar ta kafu har ta kai a Ghana ko wanda ba ya jin Hausa ya san kalmar wanzam, yana nufin mai yi wa yara kaciya.

A ƙofar wani masallaci muka iske wani dattijon wanzami da zabirarsa. Cikinta akwai ƙaho, da askake ƙirar maƙeranmu, da wata aska mai naɗewa wadda ya gada daga mahaifinsa, an buga mata sunan Sheffield a gindi. Wannan birni na Ingila, da Solingen na Jamus, da Thiers na Faransa, su ne suka shahara da ƙera irinta, kafin rezar Gillette, wadda ta sami rajista a 1904, ta kashe mata kasuwa sannu a hankali. Damina biyu ake yi a Kumasi kowace shekara, don haka laima ta sa tsatsa ta kama ta.

Muka ce, "Baba, wannan za ta ƙara yin aiki kuwa?" Ya ce, "Ku zauna ku gani, 'ya'yana."

Da farko ya shafa mata mai, ya bar tsatsar ta yi laushi, sannan ya bi ta da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai santsi. Bai yarda a kai ta injin washi ba, domin zafin inji yana kashe taurin bakin ƙarfe, kuma in ya mutu ba ya dawowa. Sai ya jiƙa dutse, ya kwantar da askar yadda bayanta da bakinta duka suka taɓa shi, yana turawa baki a gaba. A kan fata kuwa, baya ne ke gaba, don kada ta yanke fatar. Daga ƙarshe ya goge ta ta bushe, ya ɗiga mata mai. Ya ce in tsatsa ta huda bakin, ko ya tsage, to sai dai ajiya.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Dutse da fata suna mayar da kaifi, ba sa kashe cuta. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 a raye cikin busasshen jini a jikin ƙarfe, kuma jaririn da ya kamu da ita galibi da ita zai girma. Ghana ta shigar da rigakafinta cikin allurar yara tun 2002, sai dai jaririn ranar suna bai gama samun wannan kariya ba. Dattijon kansa ya ce askar gado gemunsa kaɗai take taɓawa. Kan jama'a kuwa, kowa da sabuwar reza.

Saboda haka muna kira ga iyaye: askin suna sunna ne, kiyaye lafiya kuma amana ce. A sayi sabuwar reza, a buɗe ta a gaban idon maigida. Kaciya kuma a kai ta wurin wanda yake tafasa kayansa, ko asibiti, ga na Kumasi South nan a Atonsu Agogo. Askar kaka a gyara ta, a adana ta, ta zama ta mutum ɗaya.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya raya mana zuriya. Amin.