Kunnuwan da ke bayan zana

A 1906 magana ta fita daga fadar Damagaram ta faɗa kunnen Faransawa: wai Sarki Amadu ɗan Bassa na shirin tawaye. Suka tuɓe shi, suka kai shi Kodebuwa, suka ɗora Ballama a kan garin. Sarauta ba ta dawo gidanta ba sai 1923. Shekara goma sha bakwai ke nan fa. Ko shirin gaskiya ne ko ƙage, wani ne ya buɗa baki.

Ni wannan labarin nake tunowa in mun zauna fada ana dafa shayi. Kafin a zuba na uku an tone asirin rabin Birni: wance an fasa aurenta, wane ya ci bashi. Mu dariya muke, amma wallahi akwai mai ɗauka a waya. Gobe yarinyar ta kasa zuwa lakkol.

Ban ce a ga zalunci a yi gum ba, wannan tsoro ne. Amma sirrin da aboki ya ba ka cikin dare yana hawaye, me ya kawo shi bakin butar shayi?